Ruwa Bai San Iyakar Mazaɓa Ba

 Na san da yawanku da kun ji an ambaci mazaɓa sai ku taɓe baki, ku ce wannan ai hirar maza ce ta bakin shagon mai shayi. To ku yi haƙuri ku saurare ni, domin maganar nan ta shafi kwatar ƙofar gidanku.

Mazaɓa dai ita ce yankin da hukuma ta shata wa iyaka, ta ce duk mutanen cikinsa wakili ɗaya za su tura majalisa. Idan gari ya cika ya batse, akan sake shata iyakar, a fitar da sabuwar mazaɓa daga cikin tsohuwa. Haka aka yi a ƙasar Ghana a shekarar 2012, bayan ƙidayar 2010. Hukumar zaɓensu ta ƙara mazaɓu 45, kujerun majalisa suka tashi daga 230 zuwa 275.

Abin da ya sa na san zancen shi ne yayata da muke ciki ɗaya tana aure a birnin Akra, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara, a unguwar Mamobi. Mamobi da maƙwabciyarta Nima zango ne, Hausa ake yi a kasuwa da masallaci, ga koko da ƙosai da safe kamar kana Fagge. Da can mazaɓarsu ɗaya, Ayawaso ta Gabas. Da aka yi rabon sai Mamobi ta faɗa sabuwar mazaɓa mai suna Ayawaso ta Arewa, Nima ta zauna a tsohuwar. Abin dariya ma, wakilin da suka saba da shi, Dokta Mustapha Ahmed, shi ne ya ci sabuwar kujerar a zaɓen Disamba na shekarar, 'yan Nima kuwa suka yi sabon wakili.

Bayan rabon da 'yan watanni Yaya ta haihu, aka tura ni na zauna mata jego. Ranar zubin adashinsu mata suka cika tsakar gida, rabi 'yan Nima rabi 'yan Mamobi, ai kuwa sai gardama ta kaure. Wata tana cewa an raba su ne don a rage musu ƙarfi, wata tana cewa a'a, 'yan siyasa ne kawai suka ƙara wa kansu kujeru. Yaya dai ba ta ce uffan ba, tana ta jijjiga jaririnta, don ita abin da ya dame ta daban ne. Akwai wata ƙatuwar kwata da ta ratsa tsakanin unguwannin biyu, shara ta cika ta, ga shi a kusa da ita Yaya take sayar da wake da shinkafa. Damina biyu a jere ruwa yana ambaliya ya shiga rumfarta, sau ɗaya ma saura ƙiris ya tafi da babban ɗanta, Allah ne ya yi da sauran kwanansa wani mai ɗinki ya cafko rigarsa.

Uwar adashin, wadda suke kira Magajiya, ta bari sai da kowa ta gaji sannan ta ce, "Ku dai ba ku da wayo. Da ƙofa ɗaya muke da ita ta kai kuka, yanzu an ba mu biyu. Shi ruwan da ke cin mu ya san wata Gabas da Arewa ne?" Ta juyo gare ni ta ce, "Ke 'yar Kano, an ce kin yi boko, ɗauko biro."

Wallahi hannuna har rawa yake yi. Na rubuta takarda biyu iri ɗaya sak, kowace mace ta dangwala yatsa, mai katin zaɓen Nima a wannan, mai na Mamobi a waccan. Mata biyar-biyar suka kai. Kafin na baro garin an turo mota ta kwashe sharar da ta toshe wajen rumfar Yaya. Kwatar dai tana nan, aikinta ya fi ƙarfin takarda biyu, amma daminar nan Yaya ba ta yi asarar ko mudu ɗaya ba.

To mu dawo gida. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakokin mazaɓu, da tazarar da ba ta gaza shekara 10 ba. Amma tun zaɓen 1999 kujerun majalisar wakilai 360 ne, Kano tana da 24. Dala da Fagge da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Birni kowace wakili ɗaya take turawa, alhali ke kanki kin ga yadda gonakin da muke wucewa muna yara suka zama unguwanni. A 2021 an ƙara rumfunan zaɓe sama da 56,000 a faɗin ƙasa, mata da yawa ma ba su san an matso musu da rumfa kusa ba.

Saboda haka 'yar'uwa, ko an raba mazaɓarki ko ba a raba ba, ki san sunanta, ki san sunan wakilinki da inda ofishinsa yake. Musamman ke amarya da aure ya kai ki wata unguwa, katinki yana can mazaɓar gidanku, ki nemi izinin maigida ki je a mayar miki da shi inda kike zaune, don kwatar can ba ita ce za ta cika miki ɗaki da ruwa ba. Kuma ranar zubin adashi, bayan an gama lissafi, ku ɗan taɓa zancen famfo da asibitin unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu wakilai masu tausayin talaka, ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.

Taku har kullum.