Haƙori ba ya kuka da wuri

Duk wanda ya zauna cin tuwon suna da dattawa ya ga yadda ake ture tsoka gefe ana neman romo, ya kuma ga goro sai an goga shi a magogi kafin a kai baki. Mukan ce tsufa ne. Amma shekaru su kaɗai ba sa zubar da haƙori. Cikin talatin da biyun da Allah ya ba baligi, mafi yawan waɗanda ke faɗuwa ruɓewa ce ko ciwon dasashi ke kayar da su, kuma duka biyun a ɓoye suke aikinsu. Ɓawon haƙori ba shi da jijiya, don haka kogo yakan yi watanni yana zurfi mai shi bai sani ba. Ranar da mutum ya kwana riƙe da kunci, ɓarnar ta riga ta kai ciki. Shi kuwa dasashi, ɗan jinin da ake gani a bakin asuwaki a tofar a wuce, shi ne gargaɗinsa, har ƙashin da ke riƙe da turame ya zaizaye su fara girgiɗi. Wannan ya sa nake ganin a kai baki gaban likita tun ana lafiya, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Za a ce iyayenmu asuwaki kawai suka sani, kuma sunna ce. Haka ne, ban kuma raina shi ba. Icen darbejiya ko na arak, in an tauna bakinsa ya yi laushi aka bi haƙora ciki da waje, yana aiki sosai. Sai dai bakin da ya tashi da fura da tuwon dawa daban yake da bakin jikokinmu, masu karyawa da shayi mai sukari cokali huɗu, su wuni da alawa da lemon kwalba. Ƙwayoyin cutar baki sukari suke ci su fitar da tsamin da ke cinye haƙori, kuma yawan kai zaƙi baki ya fi yawan zaƙin illa. Shi ya sa man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da dare, ya kamata ya haɗu da asuwaki. Dattin da ya daskare a gindin haƙori kuwa, buroshi da asuwaki duk ba sa kankare shi, sai ƙarfen likita. Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, kogon yana nan.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce kuɗi da nisa. Likitocin haƙori sun yi ƙaranci, yawancinsu a manyan birane, kuma magidancin da ke lissafin kwanon masara ba zai ji daɗin a ce ya biya kuɗin mota don haƙorin da bai dame shi ba. Wannan hakki ne a wuyan hukuma. Amma cike ƙaramin kogo ya fi arha da sauƙi a kan jinyar kumburin da ya rufe ido, akwai kuma dubawar da ba ta cin ko sisi: uwa ta ɗaga leɓen ɗanta a hasken rana. Cutar noma, wadda ke cinye kunci da leɓe, daga kumburin dasashi take farawa, galibi a yara 'yan shekara biyu zuwa shida da yunwa ko ƙyanda ta raunana. In an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. In an bari, mafi yawan yaran ba sa rayuwa. Tun 1999 akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Yaran da ake yi wa aikin gyaran fuska a asibitin na Sakkwato suna cikin 'yan kaɗan da suka tsira.