Motoci Biyu, Takarda Ɗaya

A garinmu Sabiyal, da ma duk ƙasar Aliero da Jega, mai mota ya san takardar inshora ne a matsayin abin da ake miƙa wa ɗan sanda ta taga. Ana sabunta ta tare da sauran takardun mota, a ninke ta a jefa a aljihun gaba, ba mai karanta abin da ke ciki. Shekaru da dama kuɗinta Naira 5,000 ne. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da ita Naira 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga diyyar da kamfani zai iya biya kan ɓarnar dukiyar wani daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ƙarin kuɗin kowa ya ji shi, an yi ta maganarsa a tasha da majalisa. Ƙarin diyyar kuwa ban taɓa jin wani ya ambata ba.

Yayana malamin firamare ne, da rani kuma manomin albasa, kamar kusan kowa a wajenmu. Yana da tsohuwar Golf, ita ce motar gidanmu baki ɗaya: ita ke kai mai naƙuda asibiti da dare, ita ke kai amare, ita ke ɗauko taki daga Jega. Da lokacin sabunta takardu ya zo a 2023, ɗansa da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya nace sai an sayi inshorar a hannun wakilin kamfani kai tsaye, ba wajen masu sayar da ita da rahusa a bakin titi ba. Bayan an saya ya shiga shafin NIID, ma'ajiyar bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ta kafa, ya sa lambar motar, sunan mahaifinsa ya fito. Yaya ya biya yana ƙorafin tsada, aka wuce wurin.

A watan Disamba, hazo ya sauko sosai, muka kama hanyar Maiyama za mu yi ta'aziyya. Ni ne a gaba kusa da shi. Mun wuce Jega mun hau titin da ke gangarawa Koko da Yawuri, wata Corolla tana gabanmu. Shanu suka ɓullo daga cikin hazon suna tsallaka titi, mai Corolla ya taka birki da ƙarfi, Yaya ma ya taka, amma tayoyinmu sun riga sun sha tafiya. Na ji ƙarar ƙarfe, na ga murfin injinmu ya lanƙwashe ya taso, ruwan lagireto yana zuba a kwalta yana tururi.

Mai Corolla wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi, dattijo mai natsuwa. Ya fito ya leƙa motarmu kafin ya dubi tasa.

"Kowa lahiya, Malam?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Ku fa?"

"Yaron da ke baya ya bugu ga hannu. Sauran mu gode Allah da abin ya tsaya ga ƙarhe."

Nan da nan mutane suka taru. Kowa a ƙasarmu ya san yadda ake yi: wanda ya bugo ta baya shi ne mai laifi, a ja motoci zuwa gareji, mai gyara ya faɗi kuɗi, dattawa su sa baki a yi ragi, a yi addu'a a watse. Tsari ne mai kyau, ya raba rigingimu da yawa tun kafin a san wani kamfani. Sai dai ba ya tambayar inda malamin firamare zai samo kuɗin. Bayan Corolla ya lotsa har cikin but, bamba ta tsage, fitilun baya biyu sun tarwatse. Ina kallon Yaya yana kallon ɓarnar, na san lissafin albashinsa yake yi, na kuma san ba zai kai ba.

Ɗansa ne ya kira a daidai lokacin, domin labari ya riga ya isa gida. Na sa wayar a kunnen Yaya ina jin abin da yake cewa: "Baba, kada a janye motocin sai an ɗauki hoto ta ko'ina, da lambobinsu. Kada ka sa hannu ga wata yarjejeniya. Ku sanar da 'yan sanda, ni zan kira kamfanin yanzu."

Wannan ne wuri mafi wuya a duk al'amarin, ya fi neman kuɗin wuya. A idon dattawan da ke tsaye, mutumin da ya bugi motar wani sannan ya ce a jira hoto da ɗan sanda, mai neman zillewa ne. Na ji wani yana cewa a hankali, "Ashe haka malaman boko suke." Yaya mutum ne mai kunya, maganar ta soke shi. Ya matsa kusa da Alhaji ya rage murya.

"Ranka shi daɗe, ba gudun hakkinka nika yi ba. Akwai waɗanda na biya don su tsaya min ga irin wagga rana. Ka ba ni lokaci in gwada su. In sun biya, alhamdu lillahi. In sun ƙi, gonata tana nan, kowa ya san ta."

Alhaji ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce ya yarda, amma shi bai taɓa ganin wanda inshora ta biya ba.

Daga nan muka shiga duniyar takarda. Kamfani ya nemi rahoton 'yan sanda, da kwafin lasin tuƙi, da takardun mota, da hotuna, da fom ɗin da aka cike da bayanin yadda abin ya faru, da wasiƙar neman diyya daga Alhaji, da ƙiyasin kuɗin gyara a rubuce. Wannan na ƙarshen ya ba mu aiki. Mai bugun kwanon da muka kai wa motocin a Jega gwani ne, hannunsa kawai zai shafa a jikin mota ya faɗa maka inda ƙarfe ya miƙe da inda ya karye, amma bai taɓa rubuta ƙiyasi ba. Da baki yake ciniki, da baki ake biyansa. Muka zauna a inuwar garejinsa yana lissafowa ina rubutawa, kaya daban, ladan aiki daban, fenti daban, muka kai shagon kwamfuta aka buga, ya dangwala hannu.

Yaron da ya bugu kuwa, ashe tsintsiyar hannunsa ce ta karye. Iyayensa suka kai shi Aliero wajen masu ɗori, kamar yadda mutane ke zuwa daga nesa saboda sunan da garin ya yi a wannan sana'a, ya kuma warke sarai. Inshorar ta ƙunshi raunin da aka ji wa wani, amma sai da takardar likita da rasit, mai ɗori kuwa ba ya ba da rasit. Wannan ɗawainiyar daga aljihun Yaya ta fita.

Mai duba ɓarna ya zo daga Sakkwato. Tambayarsa ta farko ita ce ko mutanen da ke cikin motarmu kuɗin mota suka biya. A lokacin ne na fahimci cewa takardar motar gida ba ta rufe wanda ke kabu-kabu da ita, kuma da a ce Yaya ya ɗauki fasinja ko ɗaya a tashar Jega, da magana ta ƙare a nan. Ya duba lasin ya ga bai mutu ba. Sannan ya bi ƙiyasin layi-layi da biro. Inda aka rubuta sabuwar bamba ya ce motar ba sabuwa ba ce, ta hannu za a biya. Inda aka rubuta canza murfin but ya ce a buga shi. Mai garejin ya tsaya kai da fata a kan fitilun, ya nuna masa mazauninsu da ya karye, har ya amince. Ban ga zalunci a aikinsa ba. Abin da na gani shi ne, duk abin da ba ka iya kare shi da hujja a gabansa, ya tafi.

Jiran biya ne ya cuce mu. A ƙarshen Janairun 2024, cikin 'yan kwanaki, dala ta tashi daga wajen Naira 900 zuwa sama da 1,400 a kasuwar hukuma. Kayan mota na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, ta Legas da Kwatano suke shigowa, mai shago a Jega ko Sakkwato kuma sai ya kira dilansa a Ladipo ko Onica kafin ya faɗa maka farashin yau. Ƙiyasin da aka buga a Disamba ya zama tsohon labari. Da takardar sallama ta iso, wadda mai karɓar diyya ke sa wa hannu cewa ya amince da adadin, kuɗin da ke ciki bai kai farashin kasuwa ba. Ɗan Yaya ya gaya mana cewa dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan wannan takardar, in ya saɓa a kai kuka NAICOM. Ba mu kai ga haka ba, kuɗin ya shigo asusun Alhaji kafin wa'adin. Giɓin da ya rage Yaya ya ce shi zai cike. Alhaji ya karɓi rabi ya yafe rabi, ya kuma kira abokansa na kasuwa ya nuna musu saƙon banki a wayarsa, domin su ma ba su yarda ba sai da suka gani.

Duk wannan motar Alhaji ce. Tamu tana gefe a kan duwatsu, ƙura ta lulluɓe ta, domin takardar Naira 15,000 ba ta gyara motar mai ita. Wadda ke yin haka ita ce cikakkiyar inshora, ita kuma NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar miliyan 2 ke nan Naira 100,000 duk shekara. Ban san malamin firamare ɗaya da zai iya ba.

Mai garejin ne ya tsara mana yadda za mu bi. Ya ce wa Yaya, "Malam, kuɗinka ba su kai a yi ta gaba ɗaya. Mu fara da abin da ka kashe mutum, sannan abin da ka kashe inji. Kwalliya ta jira." Ya fara da ƙashin motar na gaba da ya karkace, ya ɗaura sarƙa a jikin bishiya ya ja shi da jak, yana aunawa da igiya daga taya zuwa taya har ɓangarorin biyu suka daidaita. Ya sa aka kira bakanike ya duba birki da sitiyari. Ya ƙi taɓa komai na sama sai da Yaya ya yi alkawarin canza tayoyin gaba, ya ce su ne suka kawo mu garejinsa. Bayan haka lagireto da fanka. Murfin inji bai yarda a saya ba, ya gasa shi da wuta ya yi ta bugu har ya kwanta, ya shafa bodi-fila kaɗan. Ya ce masu gaggawa kan cika lotsa da fila mai kauri su fesa fenti, mota ta yi kyau, zafin bazara na zuwa ta tsattsage.

Mun yanke ladan aikinsa tun farko a gaban shaidu, za a biya kashi-kashi. Kaya kuwa mu muke saya da kanmu, shi ko yaronsa ya raka mu ya zaɓa, abin da aka cire a ba mu. Fitila ɗaya aka samu a Sakkwato, ɗayar sai da wani direba ya taho mana da ita daga Kofar Ruwa a Kano. Matar Yaya ta nemi a ba ta kwasar adashinta kafin layinta ya zo. Ni na kawo abin da zan iya.

Babban abin da hatsarin ya ci shi ne albasa. Manomin Aliero ya san ribar albasa tana ga ajiya: a zuba ta a rudu lokacin girbi, a jira har ta yi wuya a kasuwa. Yaya bai jira ba. Ya sayar da mafi yawan abin da ya noma a bakin gona, lokacin da motocin Kudu ke cika da ita a araha. Ba wata takarda da aka rubuta wannan asarar a ciki, kuma ta fi kuɗin lagireto da fitilu a haɗe. Amma gonar tana nan, ba a jinginar da ita ba, kuma na tabbata da gyaran Corolla ya hau kansa da ba ta tsira ba.

Kawunmu, wanda almajiri ne mai tsantseni, bai ji daɗin karɓar kuɗin inshora ba, ya ce malamai da dama suna ganin akwai riba da rashin tabbas a cikin cinikin. Yaya bai yi musu da shi ba. Da shekara ta zagayo ya nemi takaful, tsarin da mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda abu ya samu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kamfanoni irin su Noor da Jaiz suka sami lasisi a 2016, amma a ƙauyukanmu kaɗan ne suka san da shi. Wannan na ɗora wa kamfanonin baki ɗaya. Suna karɓar kuɗin mutanen da ba sa karanta Turanci, fom ɗinsu da Turanci, wakilansu a manyan birane. Da ba mu da ɗalibi a gida mai waya da haƙurin bibiya, da takardarmu ta gaskiya ta tashi a banza kamar ta jabu.

An gama biyan mai garejin bayan damina, da kuɗin gero. Fenti sai daga baya aka yi, shi ma gaban motar kawai.

Ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta dokar inshorar a duk faɗin ƙasa, bisa umarnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun. Masu motoci da masu a-kori-kura na unguwarmu suka riƙa zuwa ƙofar gidan Yaya da yamma, kowa da takardarsa a ninke, a duba masa a waya. Wasu sunansu ya fito. Wasu an sa lambar an sake sawa, ba komai, alhali shekara da shekaru suna biya. Waɗannan Yaya ya tara su, suka haɗa kuɗin mai, ya kai su Birnin Kebbi a Golf ɗin suka sayi ta gaskiya.