Kwana Biyu a Kainji, Inda Ruwa Ke Haifar Wuta

Wannan makon tsarabar tafiya muka kawo muku. Mu goma sha takwas ne, 'yan ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya, muka yi karo-karo muka ɗauki hayar bas zuwa madatsar ruwa ta Kainji da ke Jihar Neja. A cikinmu akwai masu karatun likitanci, da na injiniya, da na kwamfuta, da na ilimin ƙasa. Tun muna firamare muke haddace sunan Kainji don cin jarrabawa, amma babu ko mutum ɗaya a motar da ya taɓa ganin wurin da idonsa.

Mun bar Minna bayan sallar asuba, a tsakiyar watan Janairu, hazo ya rufe gari. Muka bi ta Bida da Kutigi, muka karya kumallo a Mokwa, sannan muka miƙe arewa. Rana ta take tsaka lokacin da direba ya rage gudu ya ce mu dubi dama. Motar da ke cike da surutu ta yi tsit. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganinka, ba ka hango ƙarshensa, sai kwale-kwale jefi-jefi kamar ƙudaje a kan faranti. Wata 'yar ajinmu, wadda babban ruwan da ta taɓa gani shi ne dam ɗin garinsu, ta tambaya ko teku ce. Muka yi mata dariya, amma ko a ranmu haka muka ji.

Ruwan da ya taso daga Gini

Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne cikar tafkin. Wata uku ke nan rabon da a ga ɗigon ruwan sama, ciyawa ta bushe ƙarmas, amma tafki na nan maƙil. Malamin da ya rako mu ya tsuguna ya zana mana taswira a ƙasa da tsinke.

Kogin Kwara, wanda littattafai ke kira Neja, yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ba nisa sosai da Tekun Atlantika. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa da shi, sai ya juya mata baya ya nufi hamada. Ya ratsa Mali har kusa da Tumbutu, ya lanƙwaso ta Gao da Yamai, ya shigo Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya faɗa teku. Tafiyar ta kai kusan kilomita 4,200.

Saboda wannan doguwar hanya, sau biyu ruwa ke zuwa Kainji a shekara. Na farko shi ne na daminarmu, wanda ke zuwa wajejen Agusta zuwa Oktoba, gurɓatacce da laka, shi ya sa ake ce masa farin ruwa. Na biyu kuwa ruwan saman da aka yi ne can a Gini. Idan ya iso tsakiyar Mali sai ya bazu a wata makekiyar fadama, ya yi ta jan ƙafa, lakarsa ta kwanta. Ba ya isowa nan sai cikin hunturu, garai-garai, ana ce masa baƙin ruwa. Wato ruwan da muke kallo a ranar, watanni da suka wuce ya sauka a kan rufin wasu mutane da ba mu ma jin yarensu.

Cikin gidan wuta

An fara gina madatsar a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kammala a 1968. Tsayin ɓangaren kankare ya kai mita 65, kusan bene mai hawa ashirin ke nan. Bayan an duba takardar izininmu, aka raba mana hulunan kwano, wani injiniya ya shige gaba. Tun daga matakala muka fara jin ƙasa na rawa a tafin ƙafarmu.

Yadda abin ke aiki bai da wuyar fahimta. Ana tare ruwa ya taru ya yi tudu, sai a buɗe masa ƙofa ya gangaro da ƙarfi ta cikin manyan bututu. A ƙasa yana tarar da wata ƙatuwar farfela, ya juya ta. Farfelar na haɗe da sandar ƙarfe, sandar kuma na juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin wayoyin jan ƙarfe. Duk lokacin da maganaɗisu ya motsa kusa da waya, lantarki na gudana a cikinta. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano haka a 1831. Janaretan da ke damun ku da ƙara a unguwa ma haka yake aiki, sai dai shi fetur ke juya shi, wannan kuwa ruwa. Ruwan kuma ba ya ƙonewa, ba ya raguwa. Yana gama aikinsa ya fice ta ƙasa, ya gangara Jebba inda wata madatsar ke jiran sa ya sake yin wani.

Injina takwas aka kafa, masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Ku ɗauki biro ku lissafa: megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne. Idan ƙwan fitilar ɗakinku na cin wat 10, ƙwai miliyan 76 ke nan a lokaci guda. Daga nan taransfoma ke ɗaga ƙarfin wutar zuwa bolt 330,000 don ta yi tafiya mai nisa ba tare da ta zube a hanya ba. Akwai layin da ya nufi Birnin Kebbi, daga can wani ya tsallaka zuwa Yamai.

'Yan kwamfutar cikinmu ba su farka ba sai da muka shiga ɗakin sarrafawa. Alluna ne cike da lambobi: tsayin ruwa, zafin kowane inji, yawan wutar da ke fita. Injiniyan ya nuna mana wata lamba da ke wasa a kusa da 50. Ya ce wutar Najeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma dole duk tashoshin ƙasar su tafi a kan wannan taki, kamar 'yan fareti. Wutar layi ba a tara ta a rumbu. Yadda ake samar da ita haka ake shanye ta nan take. In masu ja suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, lambar sai ta faɗi, in ta faɗi da yawa injina su kashe kansu don kada su lalace. Wani daga cikinmu ya yi tambayar da ke bakin kowa: to me ya sa ake ɗauke mana wuta? Injiniyan ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, lokacin da aka gina nan, mutanen ƙasar nan ba su kai rabin na yau ba. Tuwon gidan mutum goma ne ake rabawa gidan biki." Ya ƙara da cewa mafi yawan wutar ƙasar ma yanzu daga tashoshin iskar gas take fitowa.

Mun fito muna tuna ihun da yaran unguwa ke yi in an kawo wuta. Sunan NEPA da har yau ba ya barin bakin mutane, a 1972 aka kafa hukumar, kuma an daɗe da sauya ta. Wayar da kuke kallon finafinan Kannywood da ita, da talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo, wataƙila wani kaso na cajinsu ruwan Gini ne.

Garin da ke ƙarƙashin ruwa

A Sabuwar Bussa muka kwana. Sunan kansa labari ne, domin tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin tafkin. Da ruwa ya taru, ya mamaye fili mai tsawon kilomita fiye da 130, sai da aka tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwa da ƙauyuka da tsibirai, aka gina musu sababbin matsuguni. A nan ne kuma, a guguwar ruwan tsohuwar Bussa, Mungo Park ya halaka a 1806.

Da safe muka gangara bakin ruwa inda masunta ke sauke kamu: giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa. Muka gaida wani dattijo da ke gyaran koma. Ya ce yana yaro aka taso su, kuma har yau in ya bi ta wani wuri a jirgi ya san gonar mahaifinsa ce a ƙasa. Wani mai rawar kai a cikinmu ya ce, "Baba, a makaranta an ce mana Mungo Park ne ya gano kogin nan." Dattijon bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To, 'ya'yana, da ya zo, wa ya tarar yana sayar masa da kifi?"

Shi ne kuma ya gargaɗe mu game da shiga jirgi. Itatuwan da ruwa ya shanye har yanzu kututturansu na nan a tsaye a ƙasa, jirgin da ya yi lodi fiye da kima in ya ci karo da ɗaya, sai dai addu'a. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a kusa da Wara ta Jihar Kebbi, aka rasa mutane da yawa. Mun so mu ɗan zaga, amma rigunan ceto shida kawai muka samu, don haka shida-shida muka shiga.

Abin da ya fi tsaya mana a rai

Muna jiran layinmu sai muka ga yara suna wanka a gefen da ruwa ya kwanta cikin ciyayi. Ɗaya daga cikinsu, bai fi shekara goma sha biyu ba, ya koma gefe ya yi fitsari, abokansa na yi masa tsiya wai ya zama namiji. Fitsarin ja ne. Wata ɗalibar likitanci a cikinmu ta kira shi ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce, "Yaya, tun bara. Ai duk muna yi."

Wannan ita ce tsargiya, kuma ba alamar balaga ba ce. Wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar na ƙyanƙyashewa su shiga jikin wasu ƙananan katantanwa. A can suke yawaita, su fito su yi ta iyo, ido ba ya ganin su. Ba sai ka sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayensu su riƙa yi mata rauni, jinin da ake gani ke nan. In aka bar ta shekaru tana jawo ƙarancin jini da kasala a aji, tana iya lalata mafitsara da ƙoda, har ta kai ga ciwon daji. 'Yan mata ma na kamuwa wajen wanki da ɗiban ruwa, kuma tana iya taɓa musu mahaifa.

Muna cikin wannan bayani sai wani abokinmu, wanda ya fi kowa barkwanci a motar, ya yi shiru. Can ya ce shi ma ya yi ta, shekara uku cur yana ƙaramar sakandare, daga wankan kududdufin bayan garinsu. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, sai da ya faɗi a filin taro aka kai shi asibiti. Maganin da ya warkar da shi, praziquantel, a rana ɗaya ya sha shi. Shi ne wanda ake rabawa a makarantu, ana auna tsayin yaro da sanda kafin a ba shi. Abokin namu ne ya riƙe hannun yaron har wurin mahaifinsa, suka yi magana, uban ya yi alkawarin kai shi asibiti ranar kasuwa. Ba mu da lambarsa, don haka ba mu san ko an je ba. Har yau abin na dawo mana.

Malaminmu ya nuna mana wani abin lura. Kafin a yi dam, abin tsoro a irin wannan yanki shi ne makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa, shi kuwa a ruwa mai gudu yake hayayyafa. Tafki ya shanye wuraren gudun ruwan, amma kwantaccen ruwa shi katantanwa ke so. An rage wata matsala, wata ta samu wuri. Ita makantar kogi maganinta ivermectin, wanda asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da aka samo a cikin ƙasa a Japan. Satoshi Omura da William Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015 saboda shi. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Tsarabarku

Ga abin da muke roƙon ku. In kun ga jini a fitsarinku, ko na ƙaninku, ku gaya wa iyaye ko malami a ranar, a je asibiti. In an zo rabon maganin tsutsa a makaranta, ku ci abinci ku sha, kada ku ɓoye a aljihu. Kada ku yi fitsari ko bahaya a rafi da kududdufi. In za ku shiga jirgin ruwa, ku nemi rigar ceto, in ya cika ku jira na gaba.

Sannan ku matsa wa malaman kimiyya da na ilimin ƙasa su fitar da ku, ko da dam ɗin da ke kusa da ku ne, Tiga ko Goronyo ko Shiroro ko Dadin Kowa. Ku tafi da littafi da biro, ku yi tambaya ko da za a yi muku dariya. Wanda ya je, ya rubuto mana abin da ya gani, za mu so mu karanta a wannan shafi.

Mun iso Minna bayan isha'i, muka tarar an ɗauke wuta a unguwarmu. Da fitilar waya muka rubuta rabin wannan labari.