Yini Guda a Bakin Tabkunan Korama, Karkarar Matamaye

Wanda ya tashi daga Damagaram da sassafe, ya bi hanyar Maraɗi har Takeita, sannan ya karya kudu kan kwaltar da ta nufi Ɗan Barto, kafin hantsi ya yi zafi ya wuce Kance ya iso Matamaye. Tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba. Galibin masu bin hanyar nan ƴan kasuwa ne da suka nufi Daura ko Kano, ko kuwa ma'aikatan gwamnati masu rangadi. Su kan tsaya bakin titi su sayi rake, a ɗaure musu shi bisa mota, su ƙara gaba. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa sauka daga kwalta don su ga inda raken nan yake fitowa.

Matafiyin da ya yi haƙurin sauka, abin da zai fara cika masa ido shi ne gawo. Gonakin gero da dawa duk a ƙarƙashinsa suke. Itace ne mai halin kansa: da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, sai shi ya zubar da nasa ya bar wa shuka rana, da rani kuwa ya yi lif, dabbobi su ci ƴaƴansa. Bayan farin 1984, wanda mutane suka laƙaba wa sunan El Buhari, manoman ƙasashen Mirya da Magarya da Matamaye suka shiga barin tsiron gawo a gonakinsu suna sassabe masa. Binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa aikin ya game kimanin hekta miliyan 1 a waɗannan ƙasashe uku. Ba wani furoje ne ya dasa itatuwan ba, masu gonakin ne suka raine su.

Daga jigawa sai hanya ta gangara, rairayi ya fara duhu, iska ta yi sanyi. Nan ne kwarin Korama, tsohon gulbi wanda ya daina gudu sai da damina, amma ruwansa na nan kwance kusa da doron ƙasa. A wasu wurare mutum zai haƙa gaba ɗaya ko biyu ya tarar da shi. A wasu kuwa ruwan ya fito fili ya zama tabki. Ta wajen Dungu da Ɗan Barto, garake sun kewaye fadama: rake ya fi tsawon mutum, ga rogo da dankali, ga albasa da shu da salati, ga mangwaro da giginya da goriba suna ba da inuwa. A da jigo ake ja, yanzu ƙarar injin ban ruwa ke tashi tun asuba.

Baƙo ba ya shiga ƙauye ya wuce kai tsaye bakin ruwa. Sai an kai shi ƙofar mai gari an gaisa, an tambaye shi gajiya da mutanen gida, an shimfiɗa masa tabarma, an kawo fura a ƙwarya. In ya girme wa masu masaukinsa su ce masa Baba ko Alhaji, in alamar ma'aikaci ce a jikinsa su ce Mushe. Idan ya ce ya zo ne kawai ya sha iska a bakin tabki, za a yi murmushi a haɗa shi da yaro ya raka shi. Ba a dai saba ganin wanda ya biya kuɗin mota don ya zauna ya kalli ruwa ba.

Amma kuwa akwai abin kallo. Da la'asar sakaliya sai garken shanu ya sauko mashaya, balbelu na biye da shi. Masunci na tsaye cikin ruwa iya ƙugu yana duba komarsa, ko Allah ya sa a dace da tarwaɗa ko karfasa. Yara sun tuɓe suna iyo suna ihu, mata na ɗauraye tufafi a gefe guda, wani saurayi na wanke babur ɗinsa kamar ango. Mai garka zai sare kara guda na rake ya miƙa wa baƙo, kuma abin kunya ne a yi masa zancen kuɗi. Wanda ya kwashe shekara yana fama da takardun ofis ko lissafin kanti, zai so a ce rana ta jinkirta faɗuwa.

Sai dai hutun na baƙo ne. Ga mutanen wurin, tabki rumbu ne na biyu, wanda ake buɗewa in geron damina ya ƙare, kuma rumbun yana ƙanƙancewa. Rairayi na gangarowa daga jigawa yana cike shi, kacalla na cinye bakinsa, manomi na matso da shingensa har ya toshe burtalin da makiyayi ke bi, abin da kan kai mutane gaban sarki. Ruwan da yaran nan ke wasa a ciki shi ke sa musu tsargiya. Kurkunu ne dai aka rabu da shi, don a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ya ƙare a Nijar.

Ga kuma yawan jama'a. Ƙasar Kance na cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa a Nijar, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki da yawa ke rabonta. Gyaɗar da ta taɓa ɗaukaka Matamaye, har aka kafa masana'antar mai a garin, ta durƙushe tun farin shekarun 1970. Kasuwar rake da dabbobi kuwa da iyaka take numfashi: da Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin takunkumin 2023, masu garake sun ji a jikinsu.

Shi ya sa baƙo zai lura da gidajen da aka ja wa ƙyaure. Masu su na Kano, ko Agadas, ko Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma akasarinsu daga wannan ƙasa ta Kance suka fito. Ƙishirwa ce ta kashe su.

Ana kiran magariba injina suka yi shiru, kwaɗi suka karɓe. Yaron da ya rako baƙo ya ɗauko masa damin raken da aka ba shi, suka hau jigawa suka nufi kwalta, inda motar ƙarshe ta Damagaram ke jiran cikon mutum biyu.