Kyamara ta wuce Jos, mai ita ya na Saminaka

Duk wanda ya san industiri ya san cewa da yawan masu ɗaukar hoto ba da kyamarar su su ke aiki ba, ta haya ce. To, irin ta wannan matashin ke nan: Sony A7S III da lens biyu, ya karɓo a wani ofis a Titin Gidan Zoo, Kano, zai je lokeshan a wani ƙauye kusa da Saminaka.

Ya hau motar Jos da asuba. Jakar na kan cinyar sa har Tudun Wada, inda direba ya ce ta na takura fasinja, a sa a but. Kwana biyu bai yi barci ba, don haka tun a dajin Falgore ya ɓingire. Da aka tashe shi a Saminaka ya sauka da jakar kayan sawa da tirefod. Sai da ya hau acaɓa gaban sa ya faɗi.

Ya kira mai kayan murya na rawa. Alhajin bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Malam, ka riƙe lambar motar?" Ina fa!

Abin da ya cece shi 'yan yuniyan ne. A tashar da ya taso akwai littafin da ake rubuta motar da ta yi lodi da lambar direba. Kafin magariba an samu direban, jaka na ofishin su a Jos. Washegari ya je, su ka ce ya kawo shaida. Nan Alhaji ya turo hoton rasit mai lambar jikin kyamarar, aka gwada ta yi daidai.

Amma lens ɗaya babu. Wa ya buɗe jakar? Oho. Kuma ba wanda ya taɓa rubuta lambar sa, balle a kai cigiya ga masu sayar da kaya a Titin Beirut.

Inshora fa? Ko tambaya ba a yi, babu. Wasu 'yan fim na gudun ta saboda shubuha, alhali tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda ake zuba gudunmawa a asusu ɗaya, wanda ya yi asara a biya shi daga ciki. Sai dai ko da ita sai an duba takarda da kyau: za a nemi rasit, lambar kowane kaya da rahoton 'yan sanda, kuma dole a faɗa masu tun farko cewa kayan haya ake bayarwa kuma su na yawo gari-gari. Wata yarjejeniyar ma ba ta biyan kayan da aka bari a mota ba mai tsaro.

Furodusa ya yi asarar yini biyu da 'yan wasa zaune su na cin abinci. Shi kuwa gogan, Alhaji ya yafe masa rabi, sauran ana cirewa daga kuɗin aikin sa. Yanzu kujera biyu ya ke biya a mota, ɗaya ta jaka.