Bindigar iska ba abin wasa ba ce

Tun ina saurayi a Maradi nake da bindigar iska, irin wadda ake karyawa a ɗana. Ba ta cin albarushi. Iska ce ke tura ɗan harsashin darma mai milimita 4,5. Da ita nake korar tsuntsaye daga gonar hatsi.

Bana abokina ya sayo sabon samfuri. Tana da ƴar tukunyar iska ƙarƙashin bakinta, da famfo ake cika ta, sai mutum ya yi ta harbi bai karya ba. Muka taru gindin bedi muna kallo. Wani ya ce ba ta girgiza, saiti ya fi daɗi. Wani ya ce: «In ta lalace, wa zai gyara ta a ƙauye?»

Ni dai na yi shiru. Na tuna ranar da na bar tawa a ɗane, ɗana ya ɗauka. Har yau ƙanensa na da tabo dab da ido. To, ina ga sabuwar, wadda ta fi ƙarfi?

Ƴan'uwa, ku saya in kuna so. Amma in kun dawo gida, ku cire harsashi, ku kulle ta.