Makulli biyu, rumbu ɗaya

Mu uku ne 'yan Ƙafin Maiyaki da ke koyon rubuta manhaja da yaren C++, kwamfuta ɗaya muke karɓa-karɓa. Bara da kaka muka yi wa Kawu alkawarin manhajar da za ta riƙe masa lissafin bashin masara, domin littafinsa ya fara yagewa.

Muka tsara aji, wato ƙirar da ke riƙe sunayen masu bashi da buhunan kowa. Ranar kasuwa da safe muka rubuta ajiya = littafi, muna ganin mun adana kwafi. Da yamma hannu ya kuskure, muka goge sunan wani mai buhu 12. Muka ce ba komai, ai akwai ajiya. Da muka buɗe ta, can ma babu shi. Gumi ya karyo mana. Ba don tsohon littafin yana nan ba, da Kawu ya tafka asara.

Sai daga baya muka gano bakin zaren. Ajinmu bai riƙe sunayen da kansu ba, adireshin inda suke a ma'ajiyar kwamfuta ya riƙe. Idan ba ka koya wa alamar = aikinta ba, C++ adireshin kawai zai kwafa. Kamar ka yanka makulli na biyu ne, alhali rumbun ɗaya ne: duk abin da wannan ya ɗiba, wancan ya rasa.

Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmak da ya fara ƙirƙiro yaren a 1979, ya bar ƙofar gyara: mai manhaja na iya rubuta nasa operator=. Namu yanzu yana fara duba ko abin kansa ake kwafa wa, kada a rushe rumbu hatsi na ciki. Sannan ya gina sabon wuri, ya auna sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya saki tsohon. Mun kuma koyi dokar uku: wanda ya rubuta wannan, ya rubuta mai gina kwafi da mai rushewa.

Da muka kai wa Kawu gyaran, ya ce, "Madalla, yara, amma littafina yana nan." Ba mu musa ba. Yanzu duk kwafin da muka yi, sai mun taɓa shi mun leƙa ko asalin ya motsa.